Taken da Ɗanbaba Ya Ƙi Bugawa

Ubana makaɗin noma ne, sunansa Ɗanbaba. Idan kana zaune a ƙasar Madarunfa, da wuya a ce ba ka taɓa jin muryarsa ba, ko da ba ka san tasa ce ba. Shi ne mai waƙar Arziki na Kande. Direbobi na kunna ta a tashar Ɗan Issa, masu amalanken jaki na kunna ta a salula a kan hanyar Safo, har a asibitin da nake aikin jinya na sha jin ta daga aljihun majinyata. Ni ce Larai, 'yarsa ta fari, kuma idan aka kunna ta kusa da ni tashi nake yi in bar wurin.

Ƙauyenmu Gidan Ƙirya, tafiyar awa ɗaya a ƙafa daga Safo. Gidanmu na masu bin gargajiya ne, ko da yake yanzu rabin dangi sun kama salla. Kiɗa gado ne a wurinmu. Kakana ya yi, ubansa ma ya yi, kuma ba kiɗan biki ba ne, na gona ne. Idan mutum ya kira gayya, maza suka jeru a bakin kunyoyi da garemani, makaɗi na biye da su a baya da gangarsa a rataye, yana zuga wannan, yana tsokanar wancan, har aikin kwana biyar ya ƙare a wuni ɗaya. Kowane babban manomi yana da takensa, wato kiɗan da shi kaɗai ake buga wa. Take ba ya mutuwa da mai shi. Ran sunan ɗansa namiji na fari, makaɗi zai zo ƙofar ɗaki ya buga wa jaririn taken ubansa sau uku, kowa ya ji, an san ɗan wane ne kuma an san gonar da zai gada.

Baba mutum ne gajere mai son kwalliya. Yana da ɗan madubi a aljihu, kuma kafin ya shiga gonar kowa sai ya gyara zaman hularsa, kamar ciyawa za ta duba shi. Bakinsa kuwa sai addu'a. Ya taɓa yi wa wani malalacin manomi waƙa cewa garmarsa ta fi matarsa hutu, mutumin ya yi shekara biyu bai gaishe shi ba. Ina son ubana, kuma har yau ina jin haushinsa, duka biyun suna nan ba wanda ya kori wani.

Akwai doka ɗaya a sana'ar, wadda kakana ya sha maimaitawa a gabanmu har muka haddace. Makaɗi ba garma yake kallo ba, bayan manomi yake kallo. Muddin zufa na kwarara, baya na ƙyalli, to a ci gaba da zuga. Amma da zarar bayan ya bushe, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka alhali mutum na tsakar aiki, sai a sassauta kiɗa nan take, a juya shi zuwa na shan ruwa. Dalili kuwa shi ne manomin da ake buga wa takensa ba ya tsayawa da kansa. Gara ya faɗi da a ce ya ajiye garma ganga na kiransa. Sai da na yi karatun jinya na gane abin da tsofaffin nan suka gano: jikin da ya daina zufa a cikin rana ya kusa mutuwa.

Arziki aminin Baba ne tun suna kiwon awaki. Dogo, marar magana, mai faɗin kafaɗa. Baba ne mai surutu, shi ne mai murmushi. Tare aka yi musu kaciya, kuma Baba ne ya raka shi neman Kande. Ba a taɓa yin manomi kamarsa a ƙauyenmu ba, wannan ko maƙiyansa sun yarda.

A daminar 2005 yunwa ta yi mana zobe. Fara ta cinye amfanin bara, rumbuna sun zama fanko tun kafin ruwa ya sauka. Arziki ya yi rani a Najeriya yana dako, ya dawo gab da shuka da ɗan buhun masara da ramar da ba mu san shi da ita ba. Duk da haka aka kira gayyar maimai a wata babbar gona, don ciyawa ba ta san ana yunwa ba. Ina da shekara ashirin, ina cikin matan da suka kai ruwa.

Da safiyar ranar wani mutum ya zo a babur daga Maraɗi da akwatin ɗaukar magana, ya ce yana tara waƙoƙin noma don rediyo. Kafin a fita gona ya kunna wa Baba kaset na wani mawaƙin ƙasar Mali, ya ce su ma gadon waƙa suke yi kamar mu, uba ya bar wa ɗa, kuma ga shi ana jin su har ƙasashen da ba a san yarensu ba. Na ga yadda Baba ya saurara, baki buɗe. Bai ji kalma ko ɗaya ba, amma ya fito da madubinsa sau biyu.

An yi ruwa da asuba, rana ta fito da zafi mai tururi. Da hantsi ya ɗaga Baba ya juya kan taken Arziki, waƙa ta zo masa irin wadda ba ta taɓa zuwa ba:

Arziki na Kande, ƙasa na jin tsoronka,
Yunwa ta zo gida, ta tarar kana gona,
Ta zauna jiranka har ta gaji ta koma.

Mata suka ɗauki guɗa. Sauran manoma suka tsaya suna kallo, domin Arziki ya bar su a baya da kunya uku, yana tafiya yana kifar da ƙasa kamar ba mutumin da ya karya da ruwan dusa ba. Mai rediyo na biye da Baba da abin maganarsa a miƙe. A ƙarshen kunya ta tara Arziki ya durƙusa, ya kifa goshinsa a kan ƙotar garma. Muka ɗauka wasa ne. Da aka juya shi, jikinsa zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Kafin a kawo amalanke ya cika.

Kowa ya ce yunwa ce. Wasu suka ce mutuwar maza ya yi, a bakin aiki, ana kiran sunansa. Baba ya yi kuka a makoki har sai da aka riƙe shi, mutane na ta ba shi haƙuri kamar shi ne ɗan'uwan mamacin. Mai rediyo ya yanke ƙarshen kaset ɗin inda aka fara kururuwa, ya watsa sauran. Cikin wata biyu sunan Ɗanbaba ya kai Gabi, ya tsallaka iyaka. Shekarun da suka biyo baya su ne shekarunsa na ƙoshi: ana zuwa ɗaukarsa a mota, ya sayi babbar riga, ya rufa wa ɗakin innata kwano.

Kande na da ƙaramin ciki lokacin da mijinta ya mutu. Ta haihu cikin sanyi, namiji, aka ce za a sa masa Kyauta. Ran suna aka shimfiɗa wa makaɗi tabarma a ƙofar ɗaki kamar yadda aka saba. Baba bai zo ba. Aka aika, ya ce zazzaɓi. Aka ce to ya zo ran arba'in. Ran arba'in ya yi sammako ya tafi Gabi. Daga nan kuma duk wanda ya tayar da maganar sai ya ce hannunsa ba ya iya buga taken nan, a ƙyale shi.

Mutanen ƙauye ba sa barin rami a buɗe, sai sun cika shi da abin da suka ga dama. Mata suka fara lissafin watanni da yatsu a bakin rijiya: yaushe Arziki ya dawo daga Najeriya, yaushe aka haihu, ai yaron ya ɗan yi sauri. Ɗanbaba kuwa aminin Arziki ne, in akwai abin da mamaci ya faɗa wa wani kafin ya mutu, to shi ya faɗa wa. Ba wanda ya taɓa tarar Kande ya ce mata ga abin da ta yi. Sai dai aka daina kiranta wankan jego, aka daina ba ta riƙon amarya. Yaro, ƙanen Arziki, ya karɓi gonar da sunan riƙo, yana cewa ranar da ganga ta amsa yaron zai miƙa masa. Ya faɗi haka ne don ya san ba za ta amsa ba.

Kande ta zo gidanmu sau ɗaya, Kyauta na goye. Ta durƙusa a tsakar gida ta ce, "Ɗanbaba, in wani abu Arziki ya hwaɗa maka a kaina, hwaɗa mini in ji. In bai hwaɗa ba, ka zo ka buga ma ɗanai abinai." Baba na zaune yana ɗaure tsarkiyar ganga. Bai ɗago ba. Ya ce, "Bai ce komi ba, Kande. Ki yi haƙuri dai." Ta jira ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba, ta tashi. Ba ta sake aure ba. Ta rayu da sussukar hatsin mutane da sayar da ƙuli-ƙuli, a ƙauyen da waƙar da ke kiran sunanta ke tashi daga kowace rediyo.

Ni ma na yi shiru, kuma wannan nawa laifin ne. Na ɗauka baƙin ciki ne ya riƙe masa hannu. Na yi aure a Madarunfa, na kama aiki, ina zuwa gida ran kasuwa da sabulu da magani, ina wuce Inna Kande a hanya mu gaisa sama-sama.

Shekaru suka ja. Gayya ta yi ƙaranci, samari sun fi son a biya su lada su yi noma da waƙa a kunne. Idanun Baba suka fara yin yana. Na kai shi Maraɗi, aka ce an makara da ɗaya, ɗayan ma saura kaɗan. Ya daina fita. Madubin yana nan a aljihu, yana shafa shi da yatsa.

A daminar 2024 Kyauta ya dawo daga Najeriya, inda ya yi shekara uku yana tura baro. Shekararsa goma sha takwas da 'yan watanni. Ranar da na gan shi sai na ga kamar Arziki ne ya taso, har yadda yake karkata kai idan ana masa magana. Mai ido ba ya bukatar ganga. Amma Yaro ya ce shi maganarsa na nan inda ya ajiye ta. Sai Kyauta ya zo gidanmu ran Lahadi, ina nan, ya tsuguna gaban Baba.

"Baba makaɗi, ni ne Kyauta. Na kira gayya ran Alhamis, gonar ubana. Ban zo roƙon a buga mini a ƙohwar ɗaki ba, na wuce nan. Ka biyo ni gona ka buga. In ban iya ɗaukar taken ba, in bar garin, ba ku ƙara ganina."

Baba ya miƙa hannu ya lalubi kafaɗarsa, ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya ce, "Ina zuwa."

Bayan yaron ya fita, Baba ya kira ni kusa. Ya ce in nemi hutu ran Alhamis, ni zan riƙe masa hannu a gona. "Ke za ki zama idona. Ki dubi bayanai, kada ki dubi komi. Kin san dokar. In ya bushe, ki taɓa ni."

Na ce na sani, ai tun muna yara muke ji. Sai wata tambaya ta fito daga bakina wadda ban taɓa shirya ta ba. "Baba, to ranar Arziki hwa? Ba ka gani ba?"

Ya sunkuyar da kai. Kaza na tono a gefen rumbu, ina kallonta.

"Na gani," ya ce. "Tun kunya ta shidda na gani. Waƙa na zuwa, mutumin ga na ɗauka. Na ce bari in kai ƙarshen baitin. Da na kai, wani ya zo."

Ya ce tun daga ranar, duk lokacin da ya ɗaga gula zai buga taken, bayan nan yake gani. Ya ce ran suna ya zo har bakin dangar Kande da gangarsa, ya juya. Na tambaye shi ko ya san abin da ake faɗa a kanta duk shekarun nan. Ya ce ya sani. Ban taɓa ɗaga wa ubana murya ba sai ranar. Na ce masa mutum ɗaya ya kashe da ganga, ya kashe ta biyu da shiru, kuma wannan ta biyun kullum yana jin tafiyarta ta ƙofar gidansa. Bai musa ba. Na kwana uku ban kai masa abinci da hannuna ba.

Ran Alhamis gonar ta cika, har da waɗanda ba su taɓa riƙe garma ba. Kallo suka zo. Yaro na tsaye ƙarƙashin gawo da hannu a baya. Inna Kande na can nesa ita kaɗai da tulun ruwa. Kyauta ya fito da rigar 'yan ƙwallo mai santsi, irin ta samarin yanzu, na je na ce ya cire. Ya ce don me? Na ce haka ake yi. Da ya cire na ga haƙarƙarinsa a fili, na kuma ga idonsa da ɗan rawaya. Zazzaɓi bai daɗe da sakinsa ba. Na so in ce a ɗaga, amma wa zai saurare ni?

Baba ya rataya ganga, na riƙe masa gwiwar hannu ta hagu, muka shiga kunya. Ya buga kiɗan kowa da kowa tukuna, sannan ya ja numfashi ya saki taken Arziki, karo na farko cikin shekara goma sha tara. Tsofaffin mata suka fashe da kuka. Yaron kuwa kamar an cinna masa wuta. Bai iya garma kamar ubansa ba, hannunsa ya saba da baro, amma yana tafiya da zuciya, ya wuce na dama, ya wuce na hagu. Muryar Baba ta buɗe. Na rantse ban taɓa jin ta da daɗi haka ba, ni da nake fushi da shi sai da tsigar jikina ta tashi.

Ban ɗauke ido daga bayan yaron ba. Kunya ta uku yana ƙyalli. Ta huɗu yana ƙyalli. A tsakiyar ta biyar ƙyallin ya dushe daga kafaɗa, ƙura ta fara zama a kai ba ta jiƙewa. Na matsa hannun Baba. Ya ci gaba. Na sake matsawa da ƙarfi na ce, "Baba, ya bushe." Na ji tsokar hannunsa na gardama da ni, yana tsakiyar baiti, bakinsa cike da sauran. Ya ƙara bugu uku. Sai na kama gular da hannu biyu na fizge.

Kiɗa ya yanke. Kyauta ya juyo yana layi, garma a hannu, yana kallonmu kamar mun mare shi. Na yi wa mata tsawa su kawo ruwa, na zaunar da shi da ƙarfi a inuwa, na kwara masa tulu guda a ka. Daga ƙarƙashin gawo Yaro ya ɗaga murya: "To, kun dai gani da idonku. Ganga ta kama, ta saki. Ba ta amshe shi ba."

Mutane suka fara gyaɗa kai nan da can. Na ga shekara goma sha tara za su koma sabuwa. Na buɗe baki zan yi magana, sai Baba ya riga ni. Yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar kunya, ba gula, yana fuskantar inda ba kowa.

"Yaro, rufe bakinka. Ɗan Arziki ne, aradu ɗanai ne, ban taɓa shakka ba ko wuni guda. An tsai da ni don bayanai ya bushe. Na ubanai ma ya bushe, na gani da idona tun ina da su, ban tsaya ba, don ana ɗaukar muryata. Ni na kashe Arziki. Abin da ya hana ni zuwa suna ke nan, ba wani abu ga Kande."

Inna Kande ta ajiye tulunta, ta tako kunyoyi ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya gabansa. Na ɗauka za ta yi kuka ko ta kai masa hannu, amma muryarta a kwance ta fito.

"Ɗanbaba, mutuwar Arziki da ka hwaɗa mini tun ran nan, da na yahe maka, don na san shi, ko ka tsaya ba lalle shi tsaya ba. Amma shekara goma sha tara ina amsa sunan da ba nawa ba, don kada a kira ka da naka. Wannan ka tahi da shi."

Ta juya wurin ɗanta. Ni na ja ubana muka koma gida ta bayan gari.

Kafin girbi dattawa suka sa Yaro ya miƙa gonar. Matan da suka yi lissafi a bakin rijiya suka fara kai wa Inna Kande gaisuwa da ƙwaryar fura, ta karɓa ta ce an gode, ba ta ƙara komai. Ba wanda ya zagi Baba, ba kuma wanda ya sake zama a tabarmarsa. Ya rasu cikin watan Janairu. Ƙannena maza duk sun bar kiɗa, saboda haka ba a samu mai buga masa ko sau ɗaya ba. Kyauta na cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Uwarsa ba ta zo ba, ban kuma ga laifinta ba.

Ana sauran 'yan kwanaki ya rasu, ya sa na kunna masa waƙar a salulata. Muna cikin ji ya ɗaga yatsa ya ce, "Nan." Na mayar baya na saurara. Akwai wurin da gangar ta yi tuntuɓe, bugu ɗaya ya ɓace, sannan ta ci gaba da ƙarfi fiye da da. Wanda bai sani ba zai ɗauka salo ne. Na duba agogon salular. Daga wurin nan zuwa ƙarshen waƙar minti goma sha ɗaya ne, kuma nan ne mutane suka fi so.